Ƙyauren da ya ƙi rufuwa: a duba pata kafin a kankare katako

Idan watan Agusta ya kama, ruwa ya zauna a Maraɗi da Damagaram, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da ƙyaure ɗaya mai gardama ba. Sai an sa kafaɗa kafin ya rufu, ko a ɗaga shi sama kafin sakata ta shiga. Mai gida ya ce sai gobe, uwar gida ta tokare shi da turmi, yara kuwa su yi ta banka shi har ya ƙara lalacewa. Alhali ƙofa ita ce suturar ɗaki, ita ke tsare iyali daga sauro da kunama da idon mai wucewa. Umurnin rufe ƙofofi da dare tare da ambaton sunan Allah ma ya tabbata a hadisin Jabir da Buhari da Muslim suka ruwaito.

Mafi yawanmu, da zarar ƙyaure ya cije, sai mu kira kafinta ya kankare shi. Mu ma a gidanmu mun taɓa yin haka wata damina. Aka rage gindin ƙyauren ɗakin mahaifiyarmu, ya koma rufuwa lafiya lau, kowa ya yaba. Da hunturu ya shigo sai ga wata kafa a ƙarƙashinsa wadda yatsa ke wucewa, ƙura da sanyi suna kwarara, har wata safiya aka tsinci kunama a bakin tabarma. Dalili kuwa shi ne katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai karatu, fara da pata, wato ƙarfen da ƙyaure ke juyawa a kansa. Buɗe ƙofar rabi, ka kama bakinta ka ɗaga sama a hankali. In ta yi motsi, to, ciwon yana nan. Patar sama ita ce nauyin ƙyaure ke fizga kullum, shi ya sa ƙusoshinta ke fara saki, sai ƙyauren ya sunkuya, gindinsa ya riƙa jan ƙasa. A ɗaure su tukuna. Idan ƙusa mai zare tana juyawa ba ta kamawa, ramin ne ya yi faɗi: a cire ta, a cusa tsinken ashana uku ko huɗu da aka shafa wa gam na katako, a karya abin da ya yi saura, a bari ya bushe, sannan a mayar. In an samu wadda ta fi ta tsawo, ya fi. Sau da yawa aikin ya ƙare ke nan, ba a kashe ko dala ba.

Idan pata lafiya take, sai a nemo inda ƙyauren ke gogawa. A shafa alli a gefensa, a rufe, a buɗe, wurin da allin ya goge shi ne mai laifi. Nan kaɗai za a taɓa, kaɗan kaɗan, ana gwadawa, domin tazarar da ake bukata ba ta wuce milimita 3 ba. A ganina ma, in ƙyauren yana rufuwa ko da ƙyar, gara a shafa masa kyandir ko sabulu a yi haƙuri zuwa Nuwamba a ga yadda zai koma. Wurin da aka kankare kuwa lalle a shafa masa fenti, haka ma saman ƙyauren da gindinsa, waɗanda masu fenti kan tsallake don ido ba ya kai wa can, alhali ta nan ne laima ta fi shiga.

Sakatar da ta daina saduwa da raminta, a gyara zaman ƙyauren tukuna kafin a taɓa ta, sau da yawa za ta koma da kanta. Makullin da ya yi tauri kuma, a goga bakin fensir a jikin mabuɗi, kada a ɗura masa man gyaɗa, domin yana kama ƙura ya daskare.

Ƙyauren ƙarfe ba ya kumbura da laima, nasa ciwon tsatsa ce da sakin walda a wajen pata, kuma wannan aikin mai walda ne. Amma idan ka ga tsaga ta taso daga kusurwar ƙofa ta nufi sama, musamman a ginin laka bayan ruwa mai yawa, to, ba ƙyauren ne ya motsa ba, bango ne. A kira magini ya duba tun kafin a sake kwana a ɗakin.