ƘURI'AR ƊAN MAJALISA DA HAƘƘIN MA'AIKACI: DARASI DAGA TASAWA DA MAYAHI

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da malaman makaranta ko ma'aikatan asibiti a gundumomin Tasawa da Mayahi, a lokacin da albashi ya makara, ya san maganar da aka fi yi: depitenmu sun ci amanarmu. Mun ji ta a Kanambakashe, mun ji ta a Korgom, lokacin da muke yawon tattara kalmomi. Maganar ta tsaya a kan wani zato, watau ɗan majalisa shi ne mai yanke hukunci a kan albashi da yajin aiki da ɗaukar ma'aikata, kuma yana jefa ƙuri'arsa ne da sunan garin da ya fito.

Manufar wannan ƙasida ita ce a gwada wannan zato da abin da ya faru a Nijar tsakanin 1989 da 2023. Za mu nuna abu biyu. Na farko, mafi yawan ƙa'idojin da suka ɗaure ma'aikacin gwamnati ba su bi ta ƙuri'ar majalisa ba. Na biyu, inda aka jefa ƙuri'ar, jam'iyya da baitulmali sun fi sandika ƙarfi a kan hannun depite. Da yake aikinmu nazarin harshe ne, daga kalma za mu soma.

2. Kalma ɗaya, abubuwa uku

Bahaushe yana cewa doka, ya wuce. Amma tsarin mulkin da Nijar ta gada daga Faransa ya raba abin gida uku, kowane da sunansa a Faransanci: loi, ordonnance, décret. A nan za mu kira ta farko dokar majalisa, domin sai ƴan majalisa sun tattauna sun jefa ƙuri'a. Ta biyu dokar-umurni, wadda gwamnati take kafawa a madadin majalisa, ko don majalisar ta ba ta izini na ɗan lokaci, ko don babu majalisar ɗungum. Ta uku ƙudurin zartarwa, wanda majalisar ministoci take ɗauka, shugaban ƙasa ya sa hannu.

Idan muka jera manyan takardun da suka shafi ma'aikata bisa wannan rabo, abin da ke fitowa yana da ban mamaki. Babban tsarin aikin gwamnati da aka yi amfani da shi duk tsawon shekarun 1990 dokar-umurni ce mai lamba 89-18 ta ranar 8 ga Disamba 1989, kwana biyu kafin a zaɓi majalisar jamhuriya ta biyu. Ƙa'idojin yajin aikin ma'aikatan gwamnati suna cikin dokar-umurni mai lamba 96-009 ta ranar 21 ga Maris 1996, jerin ayyukan da aka ce ba sa tsayawa kuma yana cikin 96-010 ta wannan rana. An kafa su ne ƙasa da wata biyu bayan juyin mulkin Ibrahim Bare Mainasara na 27 ga Janairu 1996, lokacin da babu majalisa. Masanan Hukumar Ƙwadago ta Duniya sun daɗe suna neman a gyara sashen da ya bai wa gwamnati ikon tilasta wa masu yaji komawa aiki. Kundin dokokin ƙwadago na Yuni 1996 shi ma dokar-umurni ne. Sai a 2007 majalisa ta kafa sabon tsarin aikin gwamnati da ƙuri'arta (doka mai lamba 2007-26 ta 23 ga Yuli), sannan sabon kundin ƙwadago a 2012.

Abin da ya fi damun malamin ƙauye kuwa yana mataki na uku. An soma ɗaukar malaman sa-kai a ƙarshen shekarun 1990, daga baya suka zama ƴan kwantaragi, har suka fi yawa a cikin malaman firamare na ƙasa. Sharuɗɗan aikinsu da kuɗin da ake ba su, wanda a takarda ma ba a kiransa albashi, hukumar zartarwa ce ta tsara su. Jarrabawar tantance ƴan kwantaragi ta watan Yuli 2017, wadda ƙungiyoyin malamai suka yi kira a ƙaurace mata, kuma ta raba dubban mutane da aikinsu, shawarar ma'aikatar ilimi ce. Ba depiten da ya ɗaga hannu a kanta.

Saboda haka, idan malami a Urafan ya ce an yi mana doka, mai sauraro ba zai iya sanin ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa ba. Kalmar ta haɗe masu alhaki uku wuri guda.

3. Wa depite yake wakilta?

A bakin jama'a akwai depiten Tasawa, akwai depiten Mayahi. A takarda babu su. A zaɓen Fabrairu 1993, haka kuma a na 2004, 2011, 2016 da 2020, jihar Maraɗi gaba ɗaya ita ce mazaɓa, ban da kujeru na musamman da aka keɓe wa ƙananan ƙabilu. Kowace jam'iyya tana kawo jerin sunaye, mai zaɓe yana zaɓen jerin ne dunƙule, ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da aka samu. Mai zaɓe ba ya da ikon ɗaga suna ko sauke shi. Jam'iyyu sukan raba wurare tsakanin gundumomi don kowace ta ga ɗanta, daga nan ne sunan depiten Tasawa ya samo asali. Amma wanda ya sa mutum a jerin, shi ne zai iya cire shi a zaɓe mai zuwa, kuma wannan ba malamin makaranta ba ne.

Kundin tsarin mulki na 2010 ya ƙara abu biyu. Ya ce kowane ɗan majalisa wakilin ƙasa ne baki ɗaya, ba wanda yake da ikon gindaya masa yadda zai yi ƙuri'a. Ya kuma ce wanda ya fita daga jam'iyyarsa da kansa ya rasa kujerarsa, madadinsa ya hau. Ka'ida ta farko ta kwance depite daga igiyar masu zaɓe, ta biyu ta ɗaure shi ga jam'iyya.

Sai kuma lissafin jama'a. Ƙidayar 2012 ta nuna kowace daga gundumomin nan biyu tana da mutum sama da rabin miliyan, mafi yawansu manoma gero da dawa da wake da makiyaya. Ma'aikatan gwamnati ƴan kaɗan ne a cikinsu. Ɗan takara ya san ƙuri'a tana hannun masu gari da ƴan kasuwa da shugabannin mata. Ga manomin Isawan, yajin aiki yana nufin aji a rufe, likita ba kowa. Ƙarfin sandika bai taɓa kasancewa a akwatin zaɓe ba. Yana cikin iya tsayar da aiki da cika titunan Yamai da Maraɗi da Damagaram.

4. Igiyar kuɗi

Ko depite yana son ma'aikata, akwai inda hannunsa ba ya kaiwa. Kundin Faransa na 1958, a sashe na 40, ya hana ɗan majalisa kawo shawarar da za ta rage kuɗin shiga ko ta ƙara wa gwamnati nauyi. Kundayen Nijar sun ɗauki wannan ƙa'ida da ɗan sassauci: ana karɓar shawarar idan mai ita ya nuna inda kuɗin za su fito. Ke nan depite ba ya iya miƙewa kawai ya ce a ƙara wa malamai albashi. Gwamnati ce take rubuta kasafin kuɗi, majalisa ta karɓa ko ta ƙi, ƙin kuwa daidai yake da kayar da gwamnatin jam'iyyarsu.

Gwamnatin ita ma a ɗaure take. Bayan an karya darajar sefa da rabi ranar 12 ga Janairu 1994, ƙungiyar USTN ta nemi ƙarin albashi, aka yi ta yajin aiki, alhali gwamnati tana neman bashi wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda sharaɗinsa shi ne a taƙaita kuɗin albashi. A Disamba 1999 ƙasashen UEMOA suka amince kada albashi ya wuce kashi 35 cikin ɗari na kuɗin haraji. Wannan adadi ya yi tasiri a kan rayuwar malaman Mayahi fiye da kowace muhawara ta majalisa, domin yana cikin dalilan da suka sa aka fi son ɗaukar ɗan kwantaragi a kan a ba mutum lambar aiki ta dindindin.

5. Misalai huɗu na ƙuri'a

Na farko, 2005. Majalisar da aka zaɓa a Disamba 2004 ta amince da dokar kuɗi wadda ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan garin filawa, sukari, madara, ruwa da lantarki. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya fito ranar 15 ga Maris, aka bi da ranakun rufe kasuwanni, aka kama shugabanni, cikinsu har da Nuhu Arzika da Kasum Isa na ƙungiyar malamai ta SNEN. A watan Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan harajin. Majalisar ba ta sake ba, mutanen su ne dai. Abin da ya sake shi ne ma'aikata sun haɗa kukansu da na mai shago da na mai sayen madara.

Na biyu, 2007. Ranar 31 ga Mayu ƴan majalisa 62 cikin 113 suka kayar da gwamnatin Hama Amadu a kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare. Ƴan adawa ba su wuce 25 ba, don haka mafi yawan ƙuri'un daga ɓangaren masu rinjaye suka fito. Maganar kuɗin makaranta ce, amma abin da ya motsa hannuwa shi ne ɓarakar da ke cikin ƙawancen masu mulki. Haka aka gani a Oktoba 1994, lokacin da majalisa ta kayar da gwamnatin Sule Abdullahi bayan PNDS ta fita daga ƙawancen AFC. Depite yana saɓa wa gwamnati idan manyansa sun saɓa.

Na uku, 2008. A watan Mayu ƴan majalisa suka amince da ƙarin alawus da fa'idodi ga kansu, a daidai lokacin da abinci ya yi tsada. Jama'a suka yi zanga-zanga, a watan Yuni kotun tsarin mulki ta ce dokar ta saɓa wa kundi. Ƙa'idar da ake kawo wa ma'aikata a matsayin uzuri, ita ce masu kawo ta suka tsallake da abin ya zo kansu. Ba abin da ya zubar da ƙimar majalisa a idon ƙaramin ma'aikaci kamar wannan.

Na huɗu ya shafi masu karanta waɗannan shafuka. A 2019 gwamnati ta kawo dokar da ta mayar da naɗa shugabannin jami'o'i hannunta, a maimakon zaɓen da ake yi a cikin jami'a. Ƙungiyar SNECS ta yi yajin aiki mai tsawo, majalisa ta amince da dokar duk da haka. SNECS ƙungiya ce mai haɗin kai, mai masu iya magana. Amma rigimar ba ta taɓa aljihun kowa a Tasawa ba, rinjayen gwamnati kuma bai tsage ba.

Idan aka haɗa misalan nan, ƙa'ida ɗaya ce take fitowa. Ƙuri'a tana juyawa idan ɗayan biyu ya faru: ko koken ma'aikata ya zama koken kowa, ko masu mulki sun rabu. Idan babu ko ɗaya, sandika takan yi nasara ne, in ta yi, a teburin sulhu da ministoci. Rarrabuwar ƙungiyoyin ma ta rage musu nauyi. USTN ita kaɗai ce babbar uwar ƙungiya lokacin babban taron ƙasa na 1991. CNT ta fito a 1996, CDTN a 2001, wasu suka biyo baya, gwamnati ta samu damar sa hannu da wannan ta bar wancan.

6. Kammalawa

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rusa majalisar dokoki, aka koma mulki da dokar-umurni. A Maris 2025 aka rusa jam'iyyu, a Agusta na wannan shekara ministan cikin gida ya rusa wasu ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a. Wani zai ce, tunda ƙuri'ar depite ba ta cika kare ma'aikaci ba, me aka rasa? Amsa tana cikin sashe na biyu. Takardun da suka fi ƙuntata yajin aiki an yi su ne lokacin da babu majalisa. Majalisa, duk da rauninta, tana tilasta a ajiye daftari a fili, kwamiti ya saurari shugabannin ƙungiyoyi, ƴan adawa su yi magana, a kai ƙara kotu kamar yadda aka yi a 2008.

Ga namu fanni kuma akwai aiki. Kundin da aka kafa a Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Harshen da za a yi mulki da shi yana bukatar ya bambanta abin da wakilai suka zaɓa da abin da hukuma ta umurta. Kalmomi ukun da muka kawo shawara ce kawai, muna miƙa su ga abokan aiki da ɗalibai su gwada a bakin masu magana, a Tasawa da Mayahi da sauran wurare, su gyara inda suka ga gyara. Malamin da ya san ko dokar majalisa ce ta taɓa shi ko ƙudurin zartarwa, ya san wanda zai tuhuma.