VPN, Watau Ɓoyayyiyar Hanyar Intanet: Yadda Ake Zaɓe da Yadda Ake Biya

Bayani ga Hakimai da Malamansu

A zamanin da, idan Hakimi zai aika da takardar asiri zuwa fadar Sarki, yakan sa a naɗe ta, a liƙe, a sa ta cikin gafaka, sa'an nan ya miƙa wa jakadan da ya amince da shi. Yanzu kuwa yawancin irin waɗannan saƙonni ta waya da kwamfuta suke tafiya. A cikinsu akwai rahoton rikicin gona, da batun gado, da labarin motsin ɓarayin daji tare da sunan wanda ya kawo labarin. Idan irin wannan ya faɗa hannun da bai kamata ba, abin yana iya kaiwa ga asarar rai. Don haka ne ake yawan yi wa ofisoshi tallan wani abu mai suna VPN, ana cewa shi ne maganin tonon asiri. An shirya wannan bayani domin Hakimai da malamansu su san aikin da yake yi, da wanda ba ya yi, tun kafin a fitar da kuɗi.

1. Mene ne VPN?

Duk wanda ya shiga intanet, ta hannun wani yake shiga: ko kamfanin waya, kamar MTN da Airtel da Glo, ko kuwa mai otel ko mai shagon da ya raba masa hanya. Wannan mai hanya yana iya ganin shafukan da mutum ya nufa, da lokacin da ya nufe su. Shafin da aka ziyarta kuma yana ganin lambar adireshin mai ziyara, wadda takan nuna ƙasarsa, wani lokaci har da garinsa.

VPN manhaja ce da ake sawa a waya ko kwamfuta. Tana kulle duk abin da zai fita, ta kai shi wata babbar kwamfuta ta kamfanin VPN, wadda take kamar zango, ko a London, ko a Johannesburg, ko a wani gari dabam. Daga wannan zango ne saƙo zai wuce inda aka nufa. Ta haka kamfanin waya ba ya ganin kome sai kaya a kulle suna tafiya zango, shafin da aka ziyarta kuma adireshin zango yake gani.

To, ga abin da ya fi kome muhimmanci. Abin da kamfanin waya ya daina gani, kamfanin VPN ne yake ganinsa yanzu. Amanar tana nan, mai riƙonta ne kawai aka sauya. Saboda haka sayen VPN daidai yake da naɗa sabon jakada, kuma ba a naɗa jakada sai an san asalinsa da halinsa.

2. Inda yake da amfani, da inda ba shi da shi

Yana da amfani ga wanda yakan yi aiki da intanet ɗin jama'a a otel ko filin jirgin sama, inda bai san mai hanyar ba. Yana kuma buɗe shafin da aka toshe a wata ƙasa. Mutanen Nijeriya da yawa sun fara saninsa ne lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022, dakatarwar da Kotun ECOWAS ta ce ta saɓa wa doka a watan Yuli 2022.

Amma fa ba ya ƙirƙiro hanya inda babu ita. Da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara a watan Satumba 2021 saboda yaƙi da ɓarayin daji, VPN bai tsinana wa kowa kome ba. Haka kuma ba ya kare wanda ya ba ɗan damfara lambar sirrin banki da bakinsa, ko wanda aka sace wa waya ba a kulle take ba. Wanda ya shiga Facebook da sunansa, Facebook ya san shi ne, ko ta wane zango ya biyo. Har wa yau yakan rage saurin intanet, tun da yake saƙo zagaye yake yi.

Ya kamata kuma a sani cewa shafukan banki da yawancin manyan shafuka sun riga sun kulle abin da ake rubutawa a cikinsu, saƙonnin WhatsApp ma a kulle suke tun 2016. Ofishin da ba ya aiki sai da layinsa na kansa, kuma ba ya wuce waɗannan, mai yiwuwa ne ba ya bukatar VPN. Kyakkyawar kalmar sirri da kulle waya sun fi masa amfani, kuma ba a biyan ko kwabo a kansu.

3. Haɗarin na kyauta

Riƙe zango a ƙasashe da yawa yana cin kuɗi, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da bai karɓi kuɗi daga mai amfani ba, lalle yana samunsu ta wata hanya, ko ta talla, ko ta sayar da labarin mutane.

A 2016 wasu masana na Ostareliya da Amurka sun binciki manhajojin VPN guda 283 na wayoyin Android. Sun tarar kashi 18 cikin 100 ba sa kulle saƙo ko kaɗan, kashi 38 cikin 100 kuma akwai alamar muguwar manhaja a cikinsu. A 2015 an gano cewa kamfanin Hola yana sayar wa waɗansu mutane hanyar intanet ta masu amfani da shi kyauta, watau baƙo yana iya yin aikinsa da adireshin wanda bai ji ba bai gani ba. Manhajar Onavo kuwa, wadda Facebook ya saya a 2013, an yi amfani da ita wajen lura da abin da mutane suke yi a wayoyinsu, har aka fitar da ita daga kantin Apple a 2018.

Akwai 'yan kaɗan na kirki da suke ba da hanya kyauta, suna ɗaukar nauyinta da kuɗin masu biya, kamar Proton VPN na ƙasar Suwizalan. Duk da haka, kada malami ya sa manhajar kyauta da bai san mai ita ba a na'urar da ake aikin ofis da ita.

4. Tambayoyi biyar kafin a zaɓa

Ta ɗaya: wane ne mai kamfanin, kuma dokar wace ƙasa ce take kansa? Sunaye suna da yawa a kasuwa, amma masu su kaɗan ne. Kamfanin Kape ya mallaki CyberGhost da Private Internet Access, kuma a 2021 ya sayi ExpressVPN a kan dala miliyan 936. NordVPN da Surfshark sun haɗe a 2022. Dokar ƙasa ma tana da tasiri: a 2022 Indiya ta umarci kamfanonin VPN su ajiye bayanan masu amfani da su har shekara 5, sai manya daga cikinsu suka kwashe injinansu daga ƙasar. Kamfanin da ya ɓoye sunan masu shi da adireshinsa, a rabu da shi.

Ta biyu: me yake rubutawa a rajistarsa? Kusan kowane kamfani yakan ce ba ya ajiye kome, amma faɗa dabam, cikawa dabam. A 2017 kamfanin PureVPN, wanda yake faɗin haka, ya ba hukumar FBI ta Amurka bayanan shigar wani mai amfani da shi. A watan Afrilu 2023 kuwa 'yan sandan Suwidin sun je ofishin Mullvad da takardar bincike, suka koma hannu banza, domin babu abin da aka ajiye. Sai a duba ko kamfani yana kiran masu binciken waje su duba aikinsa, ko yana buga rahotonsu, da kuma shekarar da aka yi na ƙarshe.

Ta uku: wane irin makulli yake aiki da shi? Waɗanda masana suka amince da su su ne WireGuard da OpenVPN. Tsohon nan mai suna PPTP an daɗe da karya shi. Lalle ne kuma manhajar ta zama tana da abin da zai tsai da intanet gaba ɗaya idan hanyar zango ta yanke, don kada saƙo ya fita a buɗe mai shi bai sani ba. Wannan wajibi ne a gundumomin da layi yake yawan ɗaukewa.

Ta huɗu: ya dace da aikin ofis? A tambayi na'ura nawa za a iya haɗawa da biya ɗaya, da kuma ko yana da zango a kusa. Gwargwadon nisan zango, gwargwadon jinkiri.

Ta biyar: wane ne yake yabonsa? Da yawa daga cikin shafukan da suke jera sunayen waɗanda suka fi kyau ana biyansu la'ada a kan kowane mutum da ya saya ta hannunsu. A 2021 Kape ya sayi kamfanin da yake da waɗansu daga cikin irin waɗannan shafuka. Yabon dillali ba shaida ba ne.

5. Yadda za a biya

Kusan duk kamfanonin da dala ko yuro suke sayarwa, saboda haka abin da ofis zai biya yana bin farashin naira. A farkon Yuni 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a watan Fabrairu 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Duk wanda zai yi kasafi, sai ya bar sarari domin irin wannan.

A lura da farashin talla. Alal misali, idan an rubuta dala 3 a wata, sau da yawa ana nufin a biya na wata 24 gaba ɗaya, watau dala 72. Idan wa'adi ya cika, kamfani yakan cire kuɗin sabuntawa da kansa daga katin banki, kuma yawanci a farashin da ya fi na farko. Akwai waɗanda ba sa yin haka: Mullvad yuro 5 yake karɓa a wata tun 2009, ko wata ɗaya aka saya ko shekara.

Abin da ya fi dacewa shi ne a fara biyan wata ɗaya, a gwada a cikin gunduma da layin da aka saba aiki da shi, safe da yamma. Manyan kamfanoni da yawa sukan mayar da kuɗi cikin kwana 30 ga wanda bai gamsu ba, amma wanda ya saya ta kantin manhajoji na waya, ƙa'idar kantin ce take binsa. Kada a yarda da tallan biya sau ɗaya har abada. A 2025 sababbin masu kamfanin VPNSecure sun soke irin wannan alkawari da aka yi wa mutane.

Game da kati, a 2022 bankunan Nijeriya da yawa sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka dakatar da shi. A watan Yuli 2025 waɗansu sun sake buɗewa. Sai malami ya tambayi bankin ofis iyakar da aka sa da kuma kuɗin canji kafin ya biya. Kada kuwa a sayi suna da kalmar sirri daga masu sayarwa da araha a kasuwar waya ko ta WhatsApp. Irin wannan asusu ko na sata ne, ko kuwa mutane da yawa ne suke cikinsa, kuma mai sayarwa yana iya rufe shi ran da ya so. A ɗauko manhaja daga shafin kamfani ko daga kantin Google ko na Apple kaɗai.

Bayan an biya, malamin Hakimi ya yi abu huɗu. Ya buga rasit ya ajiye a fayil. Ya rubuta ranar ƙarewar wa'adi a littafin ofis. Ya kashe sabuntawa ta kai tsaye, domin kada kuɗi ya fita ba da iznin Hakimi ba. Sa'an nan ya tabbata an buɗe asusun da adireshin ofis, ba da na wani ma'aikaci ba, a kuma sauya kalmar sirri duk ran da aka yi wa wanda ya san ta canjin wurin aiki.

6. Batun doka

Babu dokar da ta hana amfani da VPN a Nijeriya, amma laifin da aka aikata ta cikinsa laifi ne, kuma Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 tana aiki a kansa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, kuma sayen VPN kaɗai ba ya sauke wannan nauyi. A ƙasashen Sin da Rasha da Iran an taƙaita amfani da shi, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa akwai tara mai nauyi ga wanda ya yi amfani da shi don aikata laifi. Ya kyautu Hakimai su faɗakar da fataken gundumominsu masu zuwa Guangzhou da Dubai game da wannan.

Hakimin da aka kawo wa takardar neman kuɗin VPN, sai ya fara tambayar malaminsa wane aiki ne na ofis yake bukatarsa. Idan akwai, ya nemi amsar tambayoyin nan biyar a rubuce, ya ba da iznin wata ɗaya na gwaji. Idan kuwa ba a san mai kamfanin ba, ko ba a san abin da yake ajiyewa ba, to, gara a bar kuɗin a baitulmali, domin sunayen talakawan da suka kawo labari bisa amana suna cikin abin da za a damƙa masa.