Wa ke Auna Kayan Ɗanɗano?

A unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, inda Hausawa suka daɗe da zama, sana'ar tsire ta yi suna. Asalin yajin tsire ƙuliƙuli ne da citta da barkono, amma yanzu da wuya a rasa dunƙulen magi a ciki. Shi kuwa dunƙulen a masana'anta ake yin sa, da gishiri da sinadarin gulutamet da wasu sinadaran ƙamshi. To, wa ke tabbatar da cewa ba za su cuci mai ci ba?

Sinadaran ƙamshin abinci sun haura 2,000, kuma ba kowace ƙasa ce ke da halin gwada su ɗaya bayan ɗaya ba. Don haka ƙasashe da yawa suke dogara da wani kwamitin masana mai suna JECFA, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1956.

A 1996 kwamitin ya soma aiki da wata dabara. Ana duba ƙirar sinadari a sa shi cikin ɗaya daga rukuni uku. Rukunin farko shi ne wanda jiki ke sarrafawa cikin sauƙi, an ba shi iyakar maikirogiram 1,800 ga mutum ɗaya a rana. Na biyu 540, na uku 90. In abin da ake ci bai kai iyakar ba, galibi sai a ce babu damuwa. Sai dai da fari, an ƙiyasta abin da ake ci ne daga yawan sinadarin da kamfanonin Turai da Amurka suka sayar. A ganina nan gizo ke saƙar, domin cimar mutumin Faransa daban, ta mutumin Briqueterie daban.

Ko a kan gulutamet ma, wanda ake aunawa ta wata hanyar, bakin masana bai zo ɗaya ba. A 1987 JECFA bai ga dalilin sa masa iyaka ba. A 2017 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakar miligiram 30 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato giram 1.8 ga mai nauyin kilo 60. Hukumar ANOR, wadda Kamaru ta kafa a 2009 don tsara ma'aunin ingancin kaya, tana da ra'ayoyin nan biyu a gabanta.