Capati Gugar Gawayi Ce

A Karaye da Rogo, in aka ce abincin alkama, gurasa ce ke fara zuwa zuciya, sai alkaki da funkaso da taliya 'yar murji. Amma gurasa tana da sharuɗɗa: a sa yis, a jira kwaɓi ya tashi, a hura tanderu irin na matan Jakara a birnin Kano. Ba kowane gida ke da wannan ba. Indiyawa kuwa suna da tasu wadda ba ta neman yis ko tanderu, wato capati, ko roti. Garin alkama ne da ruwa da ɗan gishiri, sai kaskon ƙarfe da suke kira tawa. Sauƙinta ya sa ta yi tafiya: leburorin Indiya da Turawan Ingila suka kai aikin layin dogo daga Mombasa zuwa Kisumu tsakanin 1896 da 1901 suna cikin waɗanda suka yaɗa ta a gabashin Afirka, har yau ta zama abincin gida a Kenya da Uganda.

Da yawa sun gwada, ta fito musu kamar ƙirgi, suka ɗora wa gari laifi. Alhali duk wanda ya iya guga da dutsen gawayi ya riga ya san sirrin, bai dai lura ba ne.

Dubi mai wanki da guga in an kawo masa shadda mai sitati. Ba ya ɗora mata dutse a bushe. Yayyafa mata ruwa yake yi, ya nannaɗe, ya ajiye gefe har laima ta ratsa ko'ina. Haka kwaɓin capati. Kofi biyu na gari yana shan wajen kashi uku cikin huɗu na kofin ruwa mai ɗumi. A murza shi minti goma har ya daina kama hannu, a shafa ɗan mai, a rufe da tsumma mai laima na rabin awa. A wannan hutun ne danƙon alkama ke saki. Wanda ya yi gaggawa zai ga yana miƙe curin yana komawa. Rashin danƙon nan kuma shi ya sa garin dawa ko na masara ba ya yin wannan aiki. Alkama ake so, irin wadda manoman rani ke shukawa da hunturu a Kura da Kadawa, a kai inji a niƙa ta da laushi, a tankaɗe dusa mai kauri kawai. Ita ce daidai da abin da Indiyawa ke kira atta. Fulawar buhu zalla takan yi tauri da ta huce.

Sai shimfiɗa. Mai guga yana daidaita riga a kan tebur tun kafin dutse ya taɓa ta, don in wani gefe ya ninku, a nan karin zai zauna. A yanki curi kamar ƙwan kaza, a barbaɗa gari a faranti, a murza da kwalba mai tsabta daga tsakiya zuwa baki, ana juyawa. Ba dole ta fito da'ira kamar faifai ba, amma kada wani gefe ya fi wani kauri.

Babban aikin yana wajen wuta. Kowa ya san yadda ake gwada dutse: a jiƙa yatsa a taɓa, in ya ce cas, ya yi. In bai yi zafi ba sai a yi ta goga ba kari, in ya wuce kima ya bar tambari a riga. Kasko ma haka, ko a kan kurfoti yake ko risho ko gas. A ɗiga ruwa, in ya yi rawa ya ɓace nan take, a ɗora. Cikin rabin minti ƙananan ƙuraje za su taso, sai a juya. In ƙasan ya yi ɗigo-ɗigon ja, a sake juyawa, a riƙa danna gefe-gefe da tsumma, hannu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tururin da ke ciki ne zai raba ta biyu, ta kumbura tim. Sanyin wuta ke busar da ita kafin tururin ya taru, shi ne asalin ƙirgin nan.

Wuri ɗaya ne guga da capati suka rabu. Rigar da ba ta gogu ba ana sake yayyafa mata ruwa a maimaita, capati kuwa in ta bushe ta bushe. Don haka a ɗauki ta farko a matsayin gwajin wuta, a gyara gawayi kafin ta biyu. Kowace aka sauke a shafa mata man shanu, a jera a kwano cikin tsumma, a kai wa yara da shayi ko miyar wake tun da zafinta.