Ciniki Daban, Riba Daban

Idan ka tambayi matashin da ya karye a kasuwa abin da ya faru, amsar ba ta cika wuce uku ba: jari ne ya yi kaɗan, kasuwa ce ta mutu, ko kuma baki ne ya kama shi. Da wuya ka ji ya ce shi ya cinye uwar kuɗinsa da hannunsa. Kuma ba ƙarya yake yi ba, domin shi kansa bai san ya ci ba. Kullum yana ciniki, kuɗi na shiga waya, amma kanta sai ramewa take yi, har ranar da zai tashi zuwa sari ya ga abin da ke hannunsa bai kai ya cika rabin shago ba.

Mu ɗauki misali da sana'ar da 'yan mata da yawa ke yi yanzu daga ɗaki. Yarinya ta je Kantin Kwari ta sari atamfa turmi 10 a kan naira 12,000 kowane ɗaya, ta biya 120,000. Ta ɗauki hotuna ta sa a WhatsApp, cikin mako uku ta sayar da su a kan 14,000. A lissafinta ta ci ribar 20,000, don haka ta yi anko, ta sayi kati, ta ba ƙanwarta na makaranta. Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, da ɗan dako, da leda, da data, da cajin mai POS. A ce duka sun tashi 7,500. Da ta koma Kwari sai ta tarar turmin ya koma 13,000. Kuɗin da suka rage mata 112,500 ne, wato turmi 8 da ɗan canji. Babu wanda ya cuce ta, babu wanda ya riƙe mata bashi, amma jarinta ya sauka daga goma zuwa takwas a zagaye ɗaya. Ribarta ta gaskiya 2,500 ce, ita kuwa ta kashe 20,000.

Wannan shi ne abu na farko da tsofaffin 'yan kasuwa suka sani, sababbi ba su sani ba: jari ba da naira ake auna shi ba, da kaya ake auna shi. Mai hatsi a Dawanau buhu yake ƙirgawa, mai shadda bandir yake ƙirgawa, mai kayan masarufi a Singa katan yake ƙirgawa. Idan bara buhunka ɗari ne, bana kuɗinka sun ninka amma buhu tamanin suke saya, to faɗuwa ka yi, kome yawan sifilin da ke asusunka.

A shekarun da farashi ke zaune, mutum zai iya sakaci da wannan ya sha. Yanzu ba hali. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma ta haura 500. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen 460 a banki ta zarce 1,500 a farkon 2024. Zuwa Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A irin wannan yanayi, wanda ya sa kuɗin kayansa bisa yadda ya saro su watan jiya, yi wa kwastoma kyauta yake bai sani ba. Kafin ka faɗi kuɗin kaya, kira wanda kake sari a wurinsa ka ji farashin yau. Wasu na ganin wannan son zuciya ne, wai ai tsohon kaya ne. Ni ban ga haka ba. Ɓoye kaya don su yi tsada laifi ne, amma sayar da kayanka a kan abin da zai maido maka da irinsu ba zalunci ba ne, kare sana'a ne.

Sai maganar aljihu. Yawancin masu farawa aljihu ɗaya gare su: nan kuɗin ciniki ke shiga, nan cefane ke fita, nan ake zarar gudummawar biki da ta suna. Kuma mun san halin zamanmu, da zarar an ga ka buɗe shago ka zama mai hali a idon dangi, ko da bashi ne rabin abin da ke kan kantar. Maganin shi ne ka yanka wa kanka albashi kamar yadda za ka yanka wa yaron shago, na rana ko na mako, daidai ƙarfin sana'ar. Duk wata hidima, har da kyautar da za ka yi, daga nan za ta fito. In ya ƙare ya ƙare. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, ciniki da yawa ya koma ta waya, har mai shayi na karɓar tiransifa. Buɗe asusu na biyu a OPay ko Moniepoint ko wani banki ba ya cin komai, don haka babu uzurin haɗa kuɗin kaya da kuɗin ci. (Kuma kada kaya su bar hannunka don an nuna maka hoton rasit a waya. Duba naka asusun ka ga kuɗin sun zauna.)

Yanzu ga babbar magana, bashi. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma duk mai ba ka shawarar kada ka taɓa bayarwa bai taɓa zama a shagon unguwa ba. Maƙwabcin da ya shekara yana saye a wurinka ba za ka hana shi mudun shinkafa don albashi ya yi jinkiri ba. Abin da ke kashe shago shi ne bashin da ba shi da iyaka, ba shi da rana, ba shi da rubutu. Ka ware wani kaso na jarinka, ka ce iyakar abin da zai kwana a waje ke nan, in ya cika ba sabon bashi sai an biya tsoho. Wanda bai biya na farko ba kada ya ga na biyu. Kuma ka rubuta a gabansa: suna, kaya, kuɗi, ranar biya. Matasa da yawa kunya ce ke hana su, musamman in mai karɓar babba ne ko ɗan uwa. To, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya ji haushi don ka ɗauko biro, da ma akwai abin da yake ƙullawa.

Bashin yana da wata fuskar, wadda ta fi wannan muhimmanci ga mai ƙaramin ƙarfi. Kasuwannin Kano a kan amana suke tafiya. Babban ɗan kasuwa kan ba yaro kaya ya je ya sayar ya kawo kuɗi, ba jingina, ba takardar banki. Da yawa daga masu manyan shaguna a Kwari da Ƙofar Wambai da Sabon Gari ta haka suka tashi, daga yaron shago zuwa mai tebur, daga tebur zuwa rumfa. Tsarin ya girmi kowa da ke raye, tun zamanin fataken goro da ke shafe watanni a hanyar Gwanja, sana'ar da Alhassan Dantata, da ya rasu a 1955, ya fara da ita kafin ya shiga cinikin gyaɗa. Wannan amanar jari ce, kuma ta fi kuɗi saurin ƙaruwa da saurin ƙonewa. In ka ce Alhamis, ka kai Alhamis. In ka ga ba za ta yiwu ba, ka je da ƙafarka ranar Laraba da abin da ya samu, ka ce, "Alhaji, ga rabi, a yi mini haƙuri da cikon zuwa Litinin." Kashe waya shi ne ke rufe ƙofa, kuma ba tasa kaɗai ba, domin magana a kasuwa ba ta kwana a rumfa ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne juya kuɗin wani. An ba ka kaya, ka sayar, maimakon ka kai kuɗin sai ka ga wata harka mai zafi ka zuba su, da niyyar mayarwa kafin a ankara. Sau biyu za ta yi kyau, na uku kayan su maƙale.

Kwantai ma ɓarawon jari ne, sai dai shi ba ya gudu, zama yake yi a kan kanta yana ba ka tunanin kana da dukiya. Takalman yara da suka rage bayan sallah, ko leshin da yayinsa ya wuce, kuɗi ne a ɗaure. Sayar da su a kan uwar kuɗi, ko ma da 'yar faɗuwa, ka sari abin da ke tafiya. Kayan da ke juyawa sau huɗu a wata da ribar naira 200 sun fi wanda ke jiran wata uku don ribar 1,500. Wannan ne ma ya sa ba na son in ga matashi ya kwashe rabin jarinsa ya kama shago mai gilashi da fitilu tun bai san me unguwar ke saye ba. Haya ba ta jiran ciniki.

Duk waɗannan ba sa ganuwa sai da ƙirga. Iyayenmu na kasuwa, har waɗanda ba su yi boko ba, suna da lokacin da suke sauke kaya su ƙirga saboda zakka, su fitar da ɗaya bisa arba'in in dukiyar ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Ƙaramin ɗan kasuwa ba zai jira shekara ba. Ƙarshen kowane wata ya rufe da wuri, ya lissafa kayan da ke ƙasa a kan farashin sari na ranar, ya haɗa da kuɗin da ke hannu da na asusu, ya ƙara bashin da yake da tabbacin za a biya shi, wanda ya haura wata uku ya bar shi gefe. Daga jimillar ya cire abin da ake binsa, har da hayar da ta taru. Abin da ya rage sai ya raba shi da kuɗin katan ko turmi ko buhu ɗaya, ya rubuta adadin a shafin ƙarshe na littafinsa, ƙarƙashin na watan jiya. In adadin ya sauka wata biyu a jere, wurare uku zai duba kafin ya sake zuwa sari: farashin da yake sayarwa, albashin da ya yanka wa kansa, da shafin masu bashi.