Hannun da ke Jan Carbi Babu Carbi

Dattijon yana zaune, hannunsa a kan gwiwa, babban yatsa da manuni suna ta murzar juna kamar mai jan carbi. Da ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, sai rawar ta lafa. Jikoki suka ce tsufa ne, maƙwabta suka fara raɗe-raɗin sammu. A asibiti kuwa sunanta cutar Parkinson, sunan likitan Landan da ya fara bayyana ta a 1817.

Can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu dunƙulallun cibiyoyi da likitoci ke kira basal ganglia. Aikinsu irin na mai ba da hannu ne a mahaɗar titi: wannan motsi ya wuce, wancan ya dakata. Umarnin yana tafiya ne ta wani sinadari, dofamin, wanda wasu ƙwayoyin halitta masu duhun launi ke fesawa a ɗan ratar da ke tsakaninsu da maƙwabtansu. Idan ƙwayoyin suka soma mutuwa, jiki yakan daɗe yana rufa asiri. Kafin hannu ya fara rawa, an yi asarar kaso mai yawa. Sai tafiya ta koma jan ƙafa, fuska ta daskare, rubutu ya tsuke.

A 1957 Arvid Carlsson, ɗan Suwidin, ya ba zomaye maganin da ya ƙarar musu da wannan sinadari, suka kwanta ba motsi. Ya yi musu allurar lebodofa, suka miƙe. Hikimar ita ce, dofamin ba ya iya ratsawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, amma lebodofa yana ratsawa, a can ya rikiɗe ya zama dofamin. Aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000. Maganin lebodofa dai ba ya hana ƙwayoyin mutuwa, giɓi kawai yake cikewa, kuma bayan shekaru ƙarfinsa yakan riƙa zuwa yana ɗaukewa.

Abin da ya fi ba ni takaici yana gida. Idan dofamin ya ragu, abokin hamayyarsa asetilkolin yakan yi rinjaye, shi ya sa ake ba masu rawar hannu benzhexol don ya dushe shi. Wannan ƙwayar ce matasa ke kira Exol, suna haɗiya don su bugu. Ita ce kuma ke busar da baki, ta dagula gani, ta rikita tunani, har mutum ya ga abin da babu.