Shakkar Malami Da Masu Raba Masa Masauki A Lahira

A zaurukan karatu na Dutse, da Kiyawa, da Birnin Kudu, da wuya a ambaci Imamu Gazali ba a bi sunansa da addu'a ba. Amma kuma in aka ji wani malami na kusa ya ce zuciyarsa ta taɓa raurawa game da imani, nan da nan sai ka ga an shiga raba masa masauki a Lahira. To, bari mu duba labarin Gazalin kansa.

Shi ya rubuta da hannunsa, cikin littafinsa Munƙizu Minad Dalali, cewa shakka ta riƙe shi kusan wata 2, ko da ya ke bai furta ta da baki ba. Har ya daina amincewa da abin da idonsa ke gani, da abin da hankalinsa ke ba shi. Bai ce hujja ta warkad da shi ba, ya ce haske ne Allah Ya jefa masa a ƙirji. Sa'an nan cikin 1095, yana babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, da almajirai wajen 300 gabansa, ya bincika niyyarsa, ya tarar neman suna ne da girma. Harshensa ya ƙulle, abinci ya ƙi ciyuwa, ya bar kujerar ya nufi Sham.

Bayan wannan fita ya wallafa Ihya'u Ulumid Dini. Cikin 1109 aka ƙone littafin nan a Ƙurɗuba ta Andalus, bisa umurnin Sarki Aliyu ɗan Yusufu. Masu fatawar kuwa, kada mu ɓoye, malaman Malikiyya ne, watau 'yan mazhabarmu. Gazali ya rasu cikin 1111, ga shi yau Hujjatul Islam a ke ce da shi.

Mu ma nan ƙasar an taɓa irin wannan garaje. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wadansu ɗaliban tauhidi sukan tare talaka da tambayoyi, in ya kasa kawo dalili su ce ya kafirta. Shehu ya tsaya ya yi musu raddi, har Muhammadu Bello ya ce littattafan da ya yi a kan wannan sun haura 50. Abin da ya kafe a kai shi ne, hukuncin duniya bisa zahiri ya ke, zuciya kuwa a bar wa Mai ita. Cikin Sahihu Muslim ma akwai sahabban da suka kai kukan waswasin da su ke jin nauyin faɗinsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya lissafa wannan jin nauyin cikin tsantsar imani.

Ba mu ce wanda ya fito fili ya ƙaryata addini daidai ya ke da mai fama da waswasi ba. Na farko alƙali na da shaidu a kansa. Na wata biyun Gazali kuwa ba shaida ko ɗaya sai shi, da bai rubuta ba da ba wanda ya sani.